Rakiyar da Na Yi wa Sale Zuwa Wasan Kwalbati da Tsamiya

Tun da na dawo Maraɗi ban samu sakat ba. Duk wanda ya leƙo shagon ɗinkina, kafin ya gama gaisuwa sai ya ɗora da tambaya biyu: yaya ƙasar Kano, kuma ina na baro Sale mai gyaran injin ban-ruwa, tunda tare aka ga mun fita, ni kaɗai kuma aka ga na dawo. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Shekara goma sha tara shagona yana jikin na Sale. Kowa ya san mutumin Najeriya ne, daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, amma bai taɓa zuwa gida ba, ko da salla. Bai yi aure ba. In aka kunna ƙwallo a talabijin ɗin mai shayi, sai ya ɗauki kofinsa ya koma shago, mu kuwa mu yi ta tsokanarsa, mun ɗauka rashin sha'awa ne kawai.

Wata ranar Talata ya shigo wurina ya kunna mini saƙon murya daga ƙaninsa Nasiru. Saƙon gajere ne. Ranar Asabar za a buga wasan ƙarshe na kofin yankinsu tsakanin Kwalbati da Tsamiya, kuma Inna Tabawa ta aiko ta ce a nemo mata Sale duk inda yake, tana son ta gan shi kafin wasan. Na tambaye shi wace ce ita, ya ce uwar wani abokinsa ce. Ciwon suga ya riga ya taɓa masa ido da ƙafa, ba ya iya doguwar tafiya shi kaɗai, sai ya roƙe ni in raka shi. Ni ban taɓa wuce Katsina ba. Na ce masa to.

Ranar Alhamis da sassafe muka shiga mota. Muka bi ta Ɗan Isa. A kan iyaka aka sauke mu duka aka duba takardu. Jami'in da ke ɓangaren Najeriya ya karɓi nawa ya maido mini ba tare da magana ba, amma da Sale ya gaishe shi sai ya ɗago kai ya ce wannan Hausar ta Kano ce tsantsa, yaushe rabonsa da gida? Sale ya ce an daɗe. Mutumin ya yi dariya ya ce to ya shirya, zai tarar an rushe gidan kakansa an yi gidan mai. Wasa yake yi, amma Sale bai yi dariya ba, ya mai da takardarsa aljihu.

Daga Jibiya zuwa Katsina motar ta yi tsit, kowa na jan carbi, saboda abin da ake ji game da hanyar. Allah ya kai mu lafiya. A Katsina muka canja mota, aka cusa mu a baya tare da wata Hajiya mai fataucin man gyaɗa. Kusa da Kankiya taya ta fashe, direba ya riƙe motar da ƙyar, jarkar Hajiya ɗaya ta kife a kan sabuwar rigata da na ɗinka musamman don wannan tafiya. Muka zauna gindin bishiya ana sa safaya, ita kuwa tana ta ba ni haƙuri, ta kwance ƙullin ƙuli-ƙuli ta cika mini hannu biyu. Ta ce kar in damu, duk wanda ya shiga Kano yana ƙanshin man gyaɗa za a ɗauke shi mai arziki. A nan ne kaɗai na ga Sale ya yi murmushi a duk tafiyar.

Kano ba zan iya ba ku labarinta ba, don wucewa kawai muka yi. Gada a kan gada, ga hayaniya, samari suna magana rabi Hausa rabi Turanci kamar yadda namu suke cakuɗa ta da Faransanci. A tasha muka ci gurasa da aka jiƙa da ruwa aka barbaɗe da ƙuli da yaji da albasa. Da farko na ga abin kamar an ɓata burodi ne, amma sai da na ƙara ta biyu.

A motar Kura ne na ji abin da Sale ya ɓoye mini shekara goma sha tara. Wanda ke gefena wani mai sayar da taki ne, bai wuce shekara talatin ba, ya ɗaura koren ƙyalle a wuyan hannu. Da ya ji harshena ya gane baƙo ne daga Nijar, sai ya ce na zo a daidai, jibi za a yi wasan da tsofaffi suka ce ba za su ƙara gani ba. Na ce ya ba ni labari.

Ya ce garuruwa biyu ne suna kallon juna, babban kanal ɗin da ke kawo ruwan noman rani ne kaɗai ya raba su. Na ɓangaren Kura ƙungiyarsu ita ce Kwalbati, na ɓangaren Bunkure tasu Tsamiya, kuma duk 'yan uwan juna ne, an yi ta auratayya. Rabon da su haɗu tun wani wasan ƙarshe da aka yi shekaru da yawa, inda ɗan wasan gaban Kwalbati ya kai wa golan Tsamiya, wani Isiyaku, gwiwa a ciki. Kwana uku Isiyaku ya rasu a asibiti. Aka yi faɗa, aka fasa kawuna, samarin Tsamiya suka toshe ƙofar ruwan da ke zuwa gonakin Kwalbati har tumatirin shekarar ya bushe. Dattawa suka hana ƙungiyoyin biyu shiga kofi. Kwalbati ta watse, filinsu ma aka nome shi aka zuba shinkafa. Tsamiya ta farfaɗo bayan wasu shekaru, sai kuma motarsu ta yi haɗari a hanyar dawowa daga wani wasa, 'yan wasa huɗu suka rasu, aka sake rufe ta. Kwanan nan ne matasa suka tayar da su duka biyun. Masu shirya gasa suna ta raba musu rukuni don kada su gamu, bana kuwa kowacce ta kai ƙarshe, babu yadda za a yi.

Ni da baki na, ba tare da na san komai ba, na tambaye shi ina shi wanda ya yi aika-aikar. Ya ce wani Sale ne, ranar jana'iza ya gudu, wasu na cewa ya mutu a Libiya, wasu na cewa ya haukace.

Sale yana jikin taga, yana kallon waje. Bai juyo ba ya ce, "Da gangan ya yi?"

Mai takin ya ce, "To Baba, ni ina yaro lokacin. Amma haka ake faɗa."

A haka muka isa Kura. Da muka sauka na kasa haɗa ido da Sale. Ya tsaya a bakin titi ya ce, "Lawali, yanzu ka ji. In ka ga za ka juya, ga motar Kano can tana lodi." Na ɗauki jakarsa na haɗa da tawa na ce ya nuna mini hanya.

Na ɗaga hannu na ce a kira mana kabu-kabu, masu babur suka yi ta dariya, ashe su acaɓa suke cewa. Muka hau biyu muka bi gefen kanal. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Tsakiyar rani ne, lokacin da gonakinmu suke fayau sai kara, amma ga ruwa yana tafiya cikin siminti kamar an aike shi, hagu da dama kore shar, alkama da albasa da tumatir, ga kwanduna jajur a jere ana jiran mota. Mu muna ɗaga kai sama mu jira ruwa, su kuwa ƙofar ƙarfe suke murɗawa. Sai na gane abin da ake nufi da a toshe wa mutum ƙofar ruwa.

Nasiru yana ƙofar gida. Da ya ga yayansa sai ya durƙusa ya riƙe masa gwiwa yana kuka, Sale na cewa ya tashi mutane na kallo. Mahaifinsu da mahaifiyarsu duk sun rasu yana Maraɗi, ta waya ya ji. Aka sauke mu a shagon baƙi da ke zaure, aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe da soyayyen kifin kanal. Ni na ci har na ji kunya, Sale loma uku ya yi ya wanke hannu. Kashegari na tashi fuskata duk ta kumbura, don sauron wurin ba irin namu ba ne, a cikin shinkafa ya girma. Matar Nasiru ta aiko mini da gidan sauro tana ba da haƙuri, wai sun manta baƙo ne.

Ranar Juma'a labari ya gama gari. A masallaci wasu tsofaffi suka zo suka gaisa da Sale suna hawaye, wasu suka wuce kamar ba su gan shi ba. Samarin kuwa ba su ma san ko wane ne ba, suna ta kai da kawo da jajayen riguna. Da la'asar Nasiru ya kai mu maƙabarta, Sale ya daɗe tsugune tsakanin kaburbura biyu. A dawowa muka yanke ta cikin gonaki, na taka wata kunya mai santsi na zurma cikin ƙaramar hanyar ruwa har gwiwa, takalmina ɗaya ya tafi. Wani Bafulatani da ke shayar da shanu a ƙasa ya tsamo shi da sanda ya kawo mini, yana tambaya ko a garinmu babu ruwa ne. Na ce masa akwai, amma namu ba ya tafiya.

Asabar da hantsi muka nufi gidan Inna Tabawa, mahaifiyar Isiyaku, a tsallaken kanal. Gadar da ke kan kanal ɗin siririya ce, mutum biyu ba sa jerawa. Nasiru ya ce shi kansa ya fi shekara goma bai taka ta ba sai in jana'iza ce ta kama. A tsakiyarta Sale ya tsaya ya riƙe ƙarfe, na ɗauka zai juya, sai kuma ya ci gaba.

A ƙofar gidan muka tarar da wani dogon mutum mai furfura yana ƙirga korayen riguna cikin buhu. Nasiru ya raɗa mini cewa Garba ne, yayan marigayi Isiyaku, shi ne kuma kocin Tsamiya. Sale ya miƙa masa hannu ya ce, "Yaya Garba, ina kwana." Garba ya dubi hannun, ya saɓa buhunsa, ya ce wa Nasiru tsohuwa tana ciki, ita ta kira ba shi ba. Ya wuce.

Tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, 'yar ƙarama, idanunta sun yi fari, ba ta gani. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ce wanne ne Salen, ya matso. Ta lalubi kansa da fuskarsa da hannu, ta ce ya tsufa, ya rame, ashe can ba a ba shi abinci. Sale ya fara cewa ta yafe masa, ta ce ya dakata, ba wannan ta kira shi ya faɗa ba.

Ta ce tun da aka fara maganar wannan wasa barci ya ƙaurace mata. Ranar da abin ya faru tana gida tana daka, sai ɗauko mata ɗa aka yi a sume, har ya cika bai ƙara magana ba. Kowa ya ce mata kafin ya sume ya yi magana a fili, an ga bakinsa na motsi, amma mutum ɗaya ne kaɗai yake kusa da shi.

"Kai ne ka ji," in ji ta. "Me ya ce?"

Sale ya ce, "Inna, cewa ya yi, 'Sale, ta shiga?'"

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ba ta shiga ba, ka kama. Tana ƙirjinsa ma lokacin."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya, hawaye na bin kumatunta, ta ce wato har a wannan halin ƙwallon ce a ransa. Ta ce tun yana ƙarami haka yake, in ta aike shi niƙa sai ta bi shi fili ta ɗauko ƙwaryar. Ta maimaita sau biyu a hankali, "Ya kama."

Daga nan ta juyo kan Sale. Ta ce ita ba ta taɓa yarda da gangan ya yi ba, yaran da suka tashi suna cin tuwo a akushi ɗaya a wannan tsakar gidan. Wannan ta bar wa Allah tun ranar. Abin da ya tsaya mata a rai daban ne. Kwana bakwai tana zaman makoki, duk sallamar da ta ji sai ta ce shi ne.

"Ɗa ɗaya Allah ya karɓa a wurina," ta ce. "Kai ka mai da su biyu."

Ban taɓa ganin babban mutum ya yi kuka irin na Sale ba. Ya kifa goshinsa a kan tabarmar, ita kuma ta ɗora hannu a bayansa, ba ta ce ya yi shiru ba. Ni da Nasiru muka fita zaure muka ba su wuri. Da muka dawo ta sa an dama fura, ta ce a rage sukari saboda Sale, ashe Nasiru ya gaya mata ciwonsa.

Wasan da la'asar aka yi shi, a filin wata makarantar firamare da ke hanyar Kadawa, don kada a ce an je garin wani. An kewaye filin da igiya, 'yan sintiri sun tsaya da sanduna, dattawan garuruwan biyu an jera musu benci wuri ɗaya da gangan. Jajaye a gabas, koraye a yamma, ga kalangu, ga masu rake da awara. A wurinmu in ana wasa zagi da dariya ake yi, amma nan ihun ma da tsoro a cikinsa. Muka samu wuri a bayan raga, wani saurayi ya ce wa Sale, "Baba matsa, ka tare mana," Sale ya matsa.

Ni ba masanin ƙwallo ba ne, amma na ga yaran sun iya. Aka tafi hutu babu ci. Bayan an dawo, aka bugo wata ƙwallo sama gaban ragar Tsamiya, golansu ya fito, ɗan wasan Kwalbati ma ya taso, suka yi karo a sama suka faɗi. Ɗan Kwalbati ya tashi, golan bai tashi ba. Filin nan gaba ɗaya ya yi tsit, har mai kalangu ya tsaya. Sale ya damƙi wuyan hannuna, sai da farcensa ya bar mini alama. Na hango Garba ya ruga cikin fili ba takalmi. Minti ɗaya ne ko biyu, amma na ji kamar wuni. Sai golan ya yi tari ya zauna, aka zuba masa ruwa, ya miƙe. Mutane suka yi ta salati. Ɗan wasan da ya buge shi yana tsaye hannu biyu a ka, yana kuka, alhali ko laifi alƙalin wasa bai busa ba.

Saura kaɗan a tashi Tsamiya ta ci ɗaya daga bugun kwana, a haka aka ƙare. Wasu samari daga gabas suka fara jifa, dutse ya fasa wa wani mai rake goshi, amma tsofaffin nan suka tashi daga benci suka shiga tsakiya da rawunansu, abin ya lafa. Kofin ɗan ƙarami ne, har da lotsawa a gefe. Na yi ta kallonsa ina tuna mutanen da aka ambata mini a mota.

Da na waiwaya babu Sale. Tun lokacin da golan ya miƙe ya zare jiki. Na same shi a bakin kanal zaune, ya sa ƙafafunsa masu ciwo a ruwa. Na gaya masa wanda ya ci, ya gyaɗa kai kawai. Ya ce da Isiyaku ya tashi kamar yadda yaron nan ya tashi, da yanzu tare suke zaune a bencin tsofaffi suna gardama. Ya ce ya yi ta lissafin wannan tsallen shekara da shekaru, da ya ja ƙafa, da ya makara da taku ɗaya, har yau bai gano inda zai gyara ba.

Lahadi da safe na haɗa kayana, sai na ga nasa suna nan yadda suke. Ya miƙo mini makullin shagonsa, ya ce injinan mutane uku na ciki ya gama gyara su, in ba masu su, sauran kayan aiki in ajiye masa. Ya ce Inna ta ce ya riƙa zuwa gaishe ta kullum da safe, kuma ba zai iya sake sa ta sauraren sallama ba. Nasiru ya kai ni Kura a babur, matarsa ta cusa mini buhun shinkafa ƙarami da kwandon tumatir, rabinsa ya narke kafin Jibiya. Hanyar dawowa babu abin da ya faru, sai dai kujerar gefena wani ne a kai.

Kwana goma sha ɗaya da dawowata Sale ya kira ni bayan azahar. Inna Tabawa ta rasu da asuba, an kai ta da hantsi. Ya ce duk kwanakin nan yana haye gadar kullum, yana tarar da Garba a ƙofar gida, yana gaishe shi, Garba bai taɓa amsawa ba. Da aka ɗauko makara shi yana can baya cikin jama'a, bai yi niyyar matsawa ba. Ana tsakiyar tafiya sai Garba, wanda ke riƙe da gaba, ya waiwayo ya neme shi da ido, ya zame kafaɗarsa ya bar masa wurin. Bai ce masa komai ba, har aka dawo ma bai ce ba.

Na yi masa ta'aziyya, na tambaye shi ko ƙafar ta bar shi ya kai har maƙabarta. Ya ce ya kai. Sannan ya ce, "Lawali, ba ta da nauyi ko kaɗan."